Ƙunshin karatun yara na shagunan Adum: abin da ya ci kuɗinsa da abin da za a bari a kanta

Wanda duk ya shiga shagon littattafai a Adum ko layin masu takardu na Kejetia, a birnin Kumasi na Gana, ya ce yana neman abin da zai koya wa ɗan shekara 4 zuwa 6 karatu a gida, kusan kaya iri ɗaya za a jibge masa. Babban hoton ABC na mannawa a bango, katunan sautin haruffa, littattafan aiki uku ko huɗu, abakus (abin ƙirga mai ƙwayoyi jere a kan waya) mai layi 10, haruffan roba masu maganaɗisu, sai wata 'yar kwamfutar wasa mai batir da ke rera waƙa. Yaron shago zai haɗa su a leda ɗaya ya ce, "Hajiya, cikakken saiti ke nan, ba abin da za ki ƙara." Rabin abin da ke cikin ledar nan ado ne, kuma abu biyu mafi amfani ba su ciki sam.

Kafin a fita kasuwa, a sauke manhajar karatu ta NaCCA a waya. NaCCA ita ce hukumar da ke tsara manhajar makarantun Gana, kuma manhajar da ake aiki da ita tun watan Satumba na 2019 tana nan kyauta a shafinta na intanet, daga KG1 har aji 6. Amfaninta ga mai koyarwa a gida shi ne ta nuna masa iyaka. Ɗan aji 1, wato mai shekara 6, ana neman ya san lambobi zuwa 100, ya tara ya kuma ɗebe a cikin 20. Shi ke nan. To littafin da ya ɗora wa ɗan shekara 4 jadawalin sau har 12, da me ya zo? Yaron zai haddace ya rera kamar waƙa, baƙi su yi tafi, amma ka zuba masa murfin kwalba 7 a tire ka ce nawa ne, sai ya taɓa guda sau biyu ya ce 8.

Katunan sauti su ne zuciyar ƙunshin. Da yawa daga waɗanda ake sayarwa a Kumasi ko dai na Jolly Phonics ne ko kwaikwayonsa. Tsari ne daga Ingila, wata malamar firamare Sue Lloyd ce ta assasa shi tare da Sara Wernham, kuma ya raba Turanci zuwa sautuka 42 a rukuni 7, shida-shida. Rukunin farko shi ne s, a, t, i, p, n. Wayon da ke cikin wannan jeri shi ne, da haruffa shidan nan kaɗai yaro zai karanta sat, pin, tap, sit, nap, tin, ant, tun bai cika mako uku ba. Da an bi ta a, b, c, d, sai an yi nisa kafin a sami kalmar kirki. Wannan ya ci kuɗinsa, kuma ga ɗan zango ba baƙon abu ba ne, don abin da malam ke yi masa a makarantar allo ke nan: a san babbaƙu, a zo farfaru, a haɗa baƙi da wasali a fitar da gaɓa.

Wurin da ake faɗuwa a gidajenmu guda ne, kuma ba laifin katin ba ne. Harshen Hausa ba ya son baƙi tsirara, sai ya sa masa wasali. Uwa ta ɗaga katin s ta ce "sa", ta ɗaga t ta ce "ta". Ranar da aka jera s, a, t aka ce yaro ya haɗa, sai ya ce "sa-a-ta", ya ɗago kai yana kallon uwar, don bai ji wata kalma ba. Daga nan ake cewa yaron ba ya ganewa, alhali abin da aka ba shi ya mayar. Maganinsa a fara da sautukan da ake iya ja, irin s, n, m, a ja su ba tare da an yanke numfashi ba har a faɗa kan wasalin: sssaaa, sannan a datse da t gajere, ba murya a bayansa. Wanda ya yi allo, a ce masa harafin ƙarshe ɗauri gare shi, nan take zai gane. Wanda bai yi ba, Hausa tana da kalmomin da ke ƙarewa da baƙi: nan, kan, tas, kaf, fes, tak. A ce masa, "Faɗi ɗaya tak. To ka ji yadda k ɗin nan ta tsaya? Haka za ka tsayar da t." Wannan dabarar ba ta cikin kowane littafin malami da aka buga a Ingila, kuma ta fi rabin shafukansa amfani a unguwa irin Aboabo.

Sai batun p da f, da v da b. Yaran da suka tashi da Twi a bakinsu, kamar yawancin na Asawase da Tafo, p ba ta ba su wuya. Wanda Hausa zalla yake ji a gida shi ne zai mayar da pin ta koma fin. Ƙaramin madubi ya wadatar: a p leɓɓa biyu a rufe suke, a f haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa. Ita uwar ma ta saurari sautukan da kanta kafin ta koyar, musamman gajerun wasula na pin, pen, pan, cup. Akwai manhajar waya ta Jolly Phonics Lessons mai ɗauke da muryar kowane sauti. Minti biyu da dare ya ishe ta shirin gobe.

Kowane sauti yana da motsinsa. A s ana karkaɗa hannu kamar maciji, a a ana tafiyar da yatsu a dantse kamar tururuwa na hawa. Waɗannan sun zauna. Na t kuwa juya kai ne hagu da dama kamar mai kallon wasan tanis, abin da yaron gidan haya a Sabon Zango bai taɓa gani ba. A canza masa da ƙarar agogon bango, ba abin da ya ɓaci. Illa a lura: motsin tsani ne. In an wata uku yaro bai iya faɗin sauti sai ya yi motsin, a fara ɗaga kati da sauri ana cewa hannu a cinya.

Tsarin ya so a yi sauti ɗaya kusan kullum. A gida, uku a mako ya fi zama, a bar sauran kwanakin don maimaici da haɗa kalmomi. A haka sautuka 42 za su ɗauki mako 14. Zama ɗaya kada ya wuce minti 15, kuma da safe bayan koko ya fi, kafin tsakar gida ta cika da hayaniya, tunda da yamma akwai makarantar allo.

Wajen saye, a duba abu uku. Littattafan suna zuwa da salon haruffa biyu, na ɗab'i sak da kuma mai 'yar wutsiya na shirin rubutun haɗe. A ɗauki iri ɗaya, kada kati ya zama wannan littafi ya zama wancan. Na biyu, kwafin bogi ya yi yawa a kasuwa. Alamarsa hoto dishi-dishi, takarda shara-shara da biro ke ɓullowa ta baya, wani lokacin shafuka su tsallake; a ƙirga lambobin shafi a gaban mai shago. Na uku, katin da aka buga hoto da harafi a fuska ɗaya ba shi da amfani bayan makon farko, don hoton yaro zai dinga karantawa. A nemi mai harafi tsurarsa a gefe guda, hoto a bayansa. In ba a samu ba, kwalin manila biyu da maka (biro mai kaurin baki) baƙa da ja sun gama magana: a yanka kamar faɗin tafin hannu, baƙaƙe da baƙi, wasula da ja, ƙananan haruffa kawai, kowanne kwafi biyu saboda kalmomi irin tent. A kai wa masu buga takardu na Asafo su rufe su da leda mai zafi, don damunar Kumasi tana mayar da kwali laushi kamar burodi, hunturu kuma ya nannaɗe shi.

Hoton ABC na bango a bar shi a shago. Waƙar da ke tafiya da shi sunayen haruffa take koyarwa, kuma sunayen wasulan Turanci sun yi karo da namu kai da kai. Wanda Bature ke kira da suna "i" shi ne e a rubuce, wanda yake kira "e" shi ne a, wanda yake kira "ai" shi ne i. Yaron da aka cusa wa wannan tun yana shekara 3, in ka ce rubuta i sai ya tsaya yana tunanin wace. Sunayen za su zo daga baya, bayan rukuni na uku, ba su gudu. Ita ma 'yar kwamfutar batir waƙar nan take yi, da muryar da ba a fahimta ta ƙaramar lasifika, ga cin batir. Haruffan maganaɗisu suna da amfani in ƙanana ne ba manya ba, amma masu arha, maganaɗisun da ke bayansu yana ɓallewa. Haɗiye irin wannan hatsari ne na gaske ga hanjin yaro, ballantana in ya kai biyu. Gidan da ke da mai rarrafe, katin kwali ya fi kwanciyar hankali.

Abu na farko da babu a ledar: karatun Hausa. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ke buga littattafan firamare da su, irin Twi, Fante, Ga, Ewe, Dagbani, don haka ba za ka same shi a kanta ba. Amma rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasula 5 ne, kuma yaron da ke jin Hausa a gida zai karanta baba, kaka, gida, tuwo, fura, wake cikin 'yan makonni, ya kuma san abin da ya karanta. Wannan daɗin na gane cewa baƙaƙen nan magana suke yi, shi ke jan yaro zuwa littafi. Katunan da aka yanka ɗin nan su za a yi amfani da su, a ƙara ɓ, ɗ, ƙ, sh da ts. Hausar zango ta saba sassauta masu ƙugiya, a ce kofa maimakon ƙofa; ba abin faɗa ba ne, a nuna masa ƙugiyar a rubuce, a faɗa masa yadda take, a wuce. Harafin da za a jinkirta shi ne c, tunda a Hausa ita ce ta ci da cokali, a Turanci kuma ta cat. In lokacinta ya zo a gaya masa gaskiya: harafi ɗaya ne mai aiki a gida biyu.

Yaron da ke karatu daga dama a allo, daga hagu a boko, zai juya on ta zama no, 12 ta zama 21. A ɗiga kore a gefen hagu na kowane layi a ce daga nan mota ke tashi. Rikita b da d kuwa kusan kowane yaro na yi har wajen shekara 7. A zuba yashi a tire ya rubuta da yatsa: b da sanda take farawa, d da zagaye.

Littattafan aiki, ɗaya ya isa. Galibinsu bin ɗigo ne shafi bayan shafi, hannu na aiki kai na barci. Allon alli da littafin rubutu mai layin ja da shuɗi sun fi su, a ƙara mai gidan dara don lissafi. Farin allo na maka yana da kyau, sai dai hunturu na busar da makar cikin kwanaki in an manta murfi. Kuɗin da aka rage a nan a sa shi a ƙananan littattafan karatu da aka rubuta da sautukan da yaro ya riga ya sani. Gwajinsu a shago ba wuya: rufe hoton da hannu, ƙirga kalma 10, in fiye da biyu ba za su karantu da sautukan da aka koya ba, littafin na gaba ne ba na yanzu ba. Kalmomi masu taurin kai irin the, said, was, Jolly Phonics ya tara 72, ana ba da su biyu ko uku a mako.

Yanzu abakus. Wanda ke cikin ƙunshin layi 10 ne, kowane layi ƙwaya 10 masu launi ɗaya. Kyau a ido, amma ido ba ya iya gane 7 daga 8 a jerin abu iri ɗaya, dole yaro ya ƙirga ɗaya-ɗaya kullum, kuma daga wannan matakin ake so a fitar da shi. Abin da ya dace shi ne wanda ake kira rekenrek, ƙirƙirar masu binciken lissafi na ƙasar Holan: layi 2, kowanne ƙwaya 10, 5 ja 5 fari. Duk ƙwayoyin suna hutawa a dama, ana turo su hagu. Ka ce nuna min 7 da turi ɗaya, yaro ya ga ja 5 da fari 2, ya tura. Ka ba shi 8 a tara da 5: a sama ja 5 da fari 3, a ƙasa ja 5. Jajaye sun haɗu sun ba da 10, saura fari 3, amsa 13, ba a lanƙwasa yatsa ko ɗaya ba. Da wuya a gan shi a kanta, amma kafinta na unguwa ko na Sokoban, wurin masu katako, zai haɗa shi da guntun katako da waya biyu, ƙwayoyin kuwa duwatsun wuya ne daga masu kayan ado a Kejetia. In an riga an sayi mai layi 10, a duba gefensa. In da kusoshi masu murɗi aka haɗa shi, a kwance, a sake jera kowane layi biyar wannan launi biyar wancan. Aikin rabin awa ne, kuma ya mayar da kayan ado kayan aiki.

Kiret ɗin ƙwai na kwali gurbi 30 gare shi. A yanko layi biyu na biyar-biyar, an sami gidan goma. A zuba murfin kwalba 6, a tambaya saura nawa ya cika. Abokan goma, 6 da 4, 7 da 3, 8 da 2, a nan ake sanin su, kuma duk lissafin aji 1 da 2 a kansu ya jingina.

Abu na biyu da babu a ledar shi ne abin koyar da gurbin lamba. Tsinken tsintsiyar kwakwa 120, a yanka tsawon yatsa biyu, da robar ɗaure kuɗi. Duk goma a ɗaure dami. 32 dami 3 ne da tsinke 2. A ce ɗebe 7. Yaro zai ga biyu ba su isa ba, a bar shi ya yi shiru ya yi tunani, kada a yi masa gaggawa, har ya kai hannu ya kwance dami ɗaya da kansa. Abin da makaranta ke kira aro ke nan, wanda yara da yawa ke yi har aji 4 ba su san me suka ara ba. A nan ma Hausa ta ba mu rata: goma sha ɗaya, goma sha biyu suna faɗin abin da suke, dami ɗaya da tsinke kaza, inda eleven da twelve ba su faɗin komai, thirteen da thirty kuma sai kunne ya natsu. Inda Hausa ke ɓoyewa shi ne ashirin, talatin, arba'in, da muka aro daga Larabci. Na ɗan lokaci a dinga cewa goma biyu, wato ashirin, goma uku, wato talatin, har sunan ya manne da damin.

Sandunan Cuisenaire, wasu 'yan sandunan koyon lissafi, sukan shigo hannun masu oda daga waje. Launi 10 ne, daga farin mai santimita 1 zuwa ruwan lemo mai santimita 10, ƙaramin akwati guda 74. Kaya ne masu kyau wajen nuna cewa 5 ita ce 2 da 3, ita ce kuma 4 da 1. In za a saya, a jera farare 10 kusa da ruwan lemo ɗaya. In bakinsu bai zo daidai ba, kwaikwayo ne marar awo, kuma zai koya wa yaro ƙarya. Wanda ke da rekenrek da damin tsinke ba ya cikin matsuwar sayensu. Fararen ƙanana ne ƙwarai, a nisanta su da ɗan ƙasa da shekara 3.

Littattafan lissafi na gwanjo daga Amurka suna da arha da takarda mai kauri, kuma babin ƙirga da tarawa ba laifi. Babin kuɗi da na awo ne za a tsallake, tunda sulallansu da incinsu ba namu ba ne. A maimakonsu a buɗe kanti a kan tabarma: gwangwanin madara, sabulu, ashana, da sidi ɗai-ɗai guda 10 da takardar sidi 10 guda. Yaro ne mai kanti. "Mma, canjinki sidi uku." In ya yi kuskure a ce, "Mai kanti, sake dubawa, kada ka karye."

Allon oware, wasan zuba ƙwayoyi a gurabe, da ake sayarwa a Cibiyar Al'adu ta Kumasi ya fi littafin aiki na biyu da na uku. Gurbi 12, ƙwaya 48, huɗu a kowane gurbi, kuma dokar wasan ita ce ƙwaya ɗaya gurbi ɗaya, daidai ciwon yaron nan da ke taɓa murfi sau biyu. Lido ma yana koya wa ido gane 5 da 6 a kan ɗan lido ba tare da ƙirga ɗigo ba. A harabar cibiyar kuma ɗakin karatu na Ashanti yake, ƙarƙashin hukumar ɗakunan karatu ta Gana, da sashen yara. Littattafan labari masu manyan hotuna, waɗanda babba ke karanta wa yaro yana fassara masa da Hausa, a can za a aro su, biyu a mayar a ɗauko biyu, maimakon a saya a gama da su a dare ɗaya. A tafi da leda mai zif, don ruwan Kumasi ba ya sallama kafin ya sauko.